Yadda na shirya manhajar ƙirƙirar wasanni ta yara domin ma'ajiyar Debian

Debian, tsarin sarrafa kwamfuta da Ian Murdock ya kafa a shekarar 1993, ba ya karɓar manhaja cikin babbar ma'ajiyarsa don kawai tana aiki, sai an tabbatar kowa yana da 'yancin amfani da ita, ya gyara ta, ya kuma raba ta. Manhajar da na ɗauki nauyin shiryawa ƙarama ce, an rubuta ta da harshen kwamfuta na Python bisa pygame, wato tarin kayan aikin yin wasanni a wannan harshe, kuma yara na amfani da ita su zaɓi hoto, su sa masa motsi da sauti, har su fito da wasan da za su buga da abokansu. Abin da ya sa na shiga aikin shi ne, intanet ba ta da tabbas a ɗakin kwamfutar da nake koyarwa, kuma idan manhaja tana cikin ma'ajiyar Debian, ana iya sauke ta sau ɗaya tare da duk abin da take buƙata, a raba wa sauran kwamfutocin ta hanyar apt, manhajar da ke saka manhajoji a Debian.

Ɓangaren fasaha bai ɗauke ni lokaci mai tsawo ba. Na aika sanarwar da ake kira ITP, wadda ke nuna niyyar shirya manhajar, domin kada wani ya maimaita aikin, na rubuta fayilolin control da rules da changelog, masu bayyana manhajar da yadda ake gina ta da tarihin canje-canjenta, sannan na gina ƙunshin, wato manhajar a sifar da Debian ke rarraba ta, da sbuild, wanda ke yin ginin a keɓantaccen wuri da babu komai a cikinsa sai abin da mutum ya bayyana cewa manhajar na buƙata. Ƙa'idar Debian ta hana sauke wani abu daga intanet yayin gini. Daga nan lintian, mai binciken ƙunsoshin Debian, ya jero kurakuran da ya gani, akasarinsu ƙanana.

Inda aikin ya yi nauyi shi ne fayil ɗin copyright, wanda dole ya faɗi mai kowane abu da ke cikin ƙunshin da lasisin da aka sake shi a kai. Rubutun manhajar kansa yana ƙarƙashin GPL, lasisin da ke ba kowa 'yancin amfani da gyara da rabawa, babu gardama. Amma manhajar ƙirƙirar wasa tana zuwa da tarin hotunan dabbobi da motoci da bishiyoyi, da sautin tsalle da na fashewa, kuma marubucinta ya tattaro su ne daga wurare daban-daban cikin shekaru. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar wasu hotunan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons mai hana amfanin kasuwanci, wanda ya saɓa wa sharaɗi na 6 na ƙa'idojin DFSG, ma'aunin manhaja mai 'yanci da Debian ta amince da shi a 1997, sharaɗin da ya hana ware wani fannin aiki a ce ba a yarda a yi amfani da manhaja a cikinsa ba. Wasu sautukan kuwa ko marubucin bai iya tuna inda ya samo su ba. Na rubuta masa cikin ladabi, ya amsa da karamci, ya nemo izinin wasu masu zanen, sauran kuma muka maye gurbinsu da waɗanda ke ƙarƙashin CC0 ko CC BY-SA 4.0, lasisan Creative Commons da ba su hana kasuwanci ba. Abin da ya gagara na cire shi daga tushen, wato ainihin fayilolin da ake gina manhajar daga su, na ƙara alamar +dfsg a lambar sigar domin kowa ya san an taɓa shi.

Akwai masu ganin wannan tsanani ne marar amfani a kan 'yan hotunan zane. Ni ban ga haka ba, musamman a irin wannan manhaja, domin hoton ba ya tsayawa a cikinta. Yarinyar da ta ƙirƙiri wasa za ta kwafa shi a filashi ta ba ƙawarta, wataƙila wata rana ta ɗora shi a intanet ko ta sayar, kuma kowane hoto da sauti da ta ɗauka daga manhajar zai bi wasan da sharuɗɗansa. Idan mai shirya ƙunshin bai tantance ba, ya bar mata nauyin da ba ta ma san da shi ba.

Tarihin Scratch, manhajar koya wa yara ƙirƙirar wasanni wadda aka fitar daga jami'ar MIT ta Amurka a 2007, ya nuna yadda hanyar take da wuya ko ga manyan manhajoji. Sigar 1.4 ta samu shiga Debian bayan an sake tushenta a ƙarƙashin GPL a 2012. Sigar 2 ta dogara da Flash da AIR na kamfanin Adobe, waɗanda ba a buɗe tushensu ba, saboda haka ƙofa ta rufe. Sigar 3 ta 2019 an rubuta ta da JavaScript, kuma tana jingine da ɗimbin ƙananan manhajoji da sai an shirya kowacce daban.

Wasu matsaloli biyu sai a aji suka bayyana. Ta farko, manhajata tana ɗauke da nata salon haruffa, wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, don haka yaron da ya sa wa wasansa suna da Hausa sai ya ga akwatuna a madadin haruffan. Tun da Debian ba ta son ƙunshi ya ɗauko kwafin abin da yake akwai a ma'ajiya, na cire shi na haɗa manhajar da salon haruffan DejaVu, wanda yake da haruffan duka. Ta biyun ita ce, wasannin misali suna sauka a /usr/share, inda ɗalibi ba shi da ikon rubutu, alhali koyon ya ginu ne a kan ya buɗe misali ya canja shi. Na yi ɗan gyara da ke kwafa misalan zuwa jakar ɗalibin a buɗewar farko, na aika wa marubucin, ya shigar da shi a sigarsa, wanda ya rage mini abin da zan riƙa ɗauka gaba.

Da yake ni ba cikakken mamban Debian ba ne, na ɗora ƙunshin a mentors.debian.net na nemi wanda zai duba ya shigar da shi a madadina. Daga nan ya shiga layin NEW, inda ake sake bin fayil ɗin copyright da ido kafin a bari ya sauka a unstable, sashen da sababbin ƙunsoshi ke fara shiga, sannan ya wuce testing, inda ake shirya tsayayyiyar siga ta gaba, idan ba a samu babban kuskure ba. A nan ne na fahimci muhimmancin kalanda. Debian na fitar da tsayayyiyar siga kusan duk bayan shekara biyu, ta 12 a watan Yunin 2023, ta 13 a watan Agustan 2025, kuma watanni kafin fitarwa ake daina karɓar sababbin ƙunsoshi. Makarantu, har da masu amfani da Debian Edu, reshen Debian na makarantu da ya samo asali daga aikin Skolelinux na Norway, tsayayyiyar siga suke sakawa, saboda haka duk sigar manhajar da ta shiga kafin rufewar ita ce yara za su yi shekaru suna koyo da ita. Yanzu fayil ɗin watch yana sanar da ni idan marubucin ya fitar da sabuwar siga, kuma abin da nake fara dubawa a cikinta shi ne jakar hotuna da sautuka.