Morrisania, garin da New York ta haɗiye, mu kuma muke haya a cikinsa

Idan ka tambayi ɗan Afirka ta Yamma a Bronx, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York, inda yake zaune, da wuya ya ce maka Morrisania. Zai faɗi sunan titi, ya ce "Webster", ko "layi na 167", ko ya yi maka kwatance da masallaci ko shagon da ake sayar da garin rogo, manja da busasshen kifi. Sunan yana nan a jikin gidan waya da laburaren layi na 169, amma ba ya bakin mutane. Mafi yawanmu ba mu san cewa wannan unguwa da muke kwana a cikinta gari ne mai zaman kansa a da ba, da hukumarsa da iyakarsa, ba ya ƙarƙashin New York ko kaɗan.

Ni aikin gadi nake yi a Manhattan, na dare. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda tsakiyar unguwar ba ta da jirgin ƙasa, alhali birnin nan duk jijiyarsa jirgi ce. Sai ka tsaya a titin Third Avenue cikin sanyin da ke fasa leɓe kana jiran bas mai lamba Bx15, ta kai ka layi na 149, sannan ka sauka ƙasa ka hau jirgi na 2 ko na 5. Wani dattijo Baƙar fatar Amurka da muke haɗuwa a tashar bas shi ya ce mini da akwai jirgi a nan, a kan gadar ƙarfe, yana bin saman titin. A 1973 aka daina gudanar da shi, aka rushe gadar, aka ba su bas a madadinsa. Yana faɗa yana nuna sama da sandarsa, inda babu komai sai wayoyin lantarki. Daga wannan hira na fara bin diddigin wurin a laburare, inda nake zuwa ajin Turanci.

Asalin sunan na wani iyali ne, gidan Morris. A 1670 suka sayi filin, wanda wani ɓangarensa gonar Jonas Bronck ce a da, mutumin da ya zauna nan a 1639 kuma daga sunansa aka samo Bronx. Gidan ya fitar da manya. Lewis Morris yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar 'yancin Amurka ta 1776, har ya nemi a mai da Morrisania babban birnin ƙasar, ba a karɓa ba. Ƙaninsa Gouverneur Morris shi ya tsara lafazin kundin tsarin mulkin ƙasar a 1787, kabarinsa kuma yana cocin St. Ann's, can kudu kaɗan da mu.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba shi ne wannan ba. Dukiyar gidan ta taso ne daga harkar rake a Barbados, kuma da bayi suka noma wannan fili. Bayin nan 'yan Afirka ne ko 'ya'yansu. Wato tun kafin a gina benen farko a nan, akwai baƙar fata da ke sassabe da noma a ƙasar da muke takawa zuwa sallar asuba, ba da biza suka zo ba, da sarƙa aka kawo su. Sai a 1827 aka gama soke bauta a jihar New York. A yi wa Gouverneur adalci, ya soki bauta da kakkausar murya a taron 1787. Duk da haka sunan masu gonar ne ya rage a taswira, na manoman babu.

Jirgin ƙasa ne ya mai da gona gari. Da layin dogo ya ƙetaro kogin Harlem a shekarun 1840, magajin gidan ya fara yanka filaye yana sayarwa, Jamusawa da 'yan Ailan suka cika wurin, Jamusawan suka kafa masana'antun giya. A 1855 aka yanke Morrisania daga garin West Farms ta zama gari a gundumar Westchester, kuma faɗinta ya haɗa har unguwannin Melrose da Mott Haven na yanzu. Ba ta cika shekara ashirin ba: a 1874 New York ta haɗiye ta tare da West Farms da Kingsbridge. Duk wanda ya ga yadda Kano ta cinye Hotoro da Ɗorayi, gonaki suka zama layuka, ya san yadda abin yake. Birni ba ya sallama, ruwan famfo da titi yake turowa gaba. Sauran yankin gabas da kogin Bronx ya biyo baya a 1895, aka haɗa gundumomi biyar ɗin suka zama birnin New York na yanzu a 1898.

Daga nan lissafin mutane ya yi tashin gwauron zabo. Bronx tana da mutum kusan 200,000 a 1900, zuwa 1930 sun haura miliyan 1.2. Yahudawa da Italiyawa suka zo, daga baya Baƙaƙen Amurka da 'yan tsibiran Karibiyan suka hauro daga unguwar Harlem ta Manhattan, sai 'yan Puerto Rico. Colin Powell, ɗan baƙi daga Jamaika, a makarantar Morris High ya gama sakandare a 1954. Sai kuma shekarun 1970, lokacin gobara, da masu gidaje suka yi watsi da gine-ginensu, wasu ma suka cinna musu wuta don kuɗin inshora. Tsakanin 1970 da 1980 Bronx ta yi asarar mutum kimanin 300,000. Shugaba Jimmy Carter ya zo titin Charlotte a 1977 ya tsaya cikin kangaye. Yau a wurin akwai ƙananan gidaje masu shinge da ciyawa a gaba, na je na gani da idona.

Ƙidayar 2020 ta nuna Bronx ta koma miliyan 1.47, daidai inda take a 1970. Mu muna cikin waɗanda suka cike gurbin: 'yan Ghana, Gambiya, Gini, Mali, Nijar, Najeriya, ga kuma 'yan Jamhuriyar Dominika da suka fi mu yawa nesa ba kusa ba. Lokacin ƙidayar an sha fama da wani Alhaji maƙwabcinmu, mutumin Maraɗi. Na kai masa takardar, ya ture ta gefe.

"Ɗana, wanda ya ƙirga ka ya san inda zai same ka."

"Alhaji, ai ba sa tambayar takardun zama. Da wannan lissafin ake raba kuɗin makaranta da asibiti."

Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ya yi shekaru yana kaffa-kaffa ba a rana ɗaya zai saki jiki ba. Sai dai a ganina rashin shiga lissafi ya fi cutar da mu, domin unguwar da aka ga mutanenta kaɗan ne ita ake fara yanke wa bas.

Zaman yau da gobe kuwa ba tarihi ya dame shi ba. Benenmu tsoho ne, mai hawa biyar, babu lif. Doka ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu dole mai gida ya ba da ɗumi, amma namu sai mun buga 311, lambar ƙorafi ta hukumar birni, mun kai ƙara kafin bututun ya fara ƙwanƙwasa yana huci da tsakar dare. Matar abokin zamana ta koya mini liƙe bakin taga da leda da salatif. Ranar Juma'a masallacin, wanda tsohon shago ne, ba ya ɗaukar mu, sai a shimfiɗa kwalaye a bakin titi.

Haya kuma kullum hawa take yi, har wasunmu sun fara tattara komatsai. Alhaji ya ce bayan Babbar Sallah zai bi ɗansa Greensboro, a jihar North Carolina, inda 'yan Nijar suke da yawa. Ɗakinsa tuni an yi masa kamu: wasu samari 'yan Gini ne da suka shigo ta iyakar Meziko, su huɗu za su raba kuɗin.