Intanet ga wanda bai iya karatu ba

Wallahi abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Na zauna da wata dattijuwa ina nuna mata yadda ake tura saƙon murya a WhatsApp, ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa amma tana gane alamar makirfon ɗin nan shikenan, sai ga ta tana dannawa da kanta tana hira da ɗanta da ke nesa. Ashe rubutun da muka cika wayoyin nan da shi ne ya tare musu hanya.

Hukumar ITU, wato hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a 2024 mutum kusan biliyan 2.6 ba sa hawa intanet, kuma yawancinsu a karkara suke. Kamfanoni ba sa son kafa turken sabis inda mutane ba su da yawa don ribar ba ta fitowa, ga rashin wuta, cajin waya ma sai an yi tafiya, sai dai in an samu sola.

Ni dai gaskiya abin na min ciwo. Masu haɗa manhaja don Allah ku riƙa sa murya da hotuna, cikin yaren da mutane ke ji, kuma ku yi ta yadda za ta buɗe ko sabis na da rauni.