Zangon da muka ya da a hanyar Turunku

Mu uku muka fita daga birnin Zariya ta Ƙofar Gayan bayan sallar asuba, hunturu na kaɗawa, da niyyar zuwa Turunku a ƙasa. Can ne tsohuwar cibiyar Zazzau kafin sarauta ta dawo gindin dutsen Kufena a ƙarni na 16, kuma tun ina yaro nake jin sunan Bakwa Turunku, mahaifiyar Sarauniya Amina. Mun bar kwaltar Kaduna, muka bi burtali da hanyoyin gona. Guzurinmu garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da dabino, sai gorar ruwa ta lita 2 a jakar kowa.

Ranar farko ba mu ji komai ba. A rana ta biyu, kafin azahar, ruwa ya ƙare, leɓe ya tsage, diddigena na dama ya yi bororo har ya fashe a cikin takalmi. Da muka hango rumbunan wani ƙauye, sai muka nufi ƙofar mai unguwa. A zamanin nan baƙo ba ya sauka a daji haka kawai, kuma gaskiyar mutanen ce.

Dattijon ya saurare mu tsaf, ya dubi ƙafata, ya ce, "Samari, yau kam ba inda za ku. Ku shiga zaure."

Na ce, "Baba, so muke mu ɗan ƙara gaba."

"Da wannan ƙafar?"

Jikansa ya kawo ruwan ɗumi da gishiri a kwano, na tsoma ƙafar ina cije baki, sannan aka shafa mini man kaɗanya a wuraren da suka yi faso. Da la'asar wata Bafulatana ta sauke ƙwarya a gindin tsamiya. Har yanzu ina ganin yadda take murza curin fura da bayan ludayi, tana tsiyaya nono kaɗan-kaɗan har ya yi kauri. Wallahi ban taɓa shan abin da ya ratsa jikina irin wannan ba.

Sauran yinin ya tafi wajen haɗa guzuri. Mun ja ruwa da guga a rijiya, aka tafasa mana a cikin gida, muka bari ya huce kafin mu ɗura. Wurin mai tebur muka sayi gyaɗa, sukari, ashana da mazarƙwaila. Biredi mun bar shi, don cika jaka yake yi, ga saurin bushewa. Muka wanke safa muka shanya a kan danga.

Da asuba mai unguwa ya ƙi karɓar ko sisi. Sai ma ya haɗa mu da wani yaro da ya nuna mana mashigin rafi, ya gaya mana sunan wanda za mu nema a gari na gaba. Hazo bai gama washewa ba muka fara hango duwatsu daga nesa, ni kuwa ina takawa a hankali, diddigena naɗe da tsumma.