Wasiƙa daga Talin kan hukumomin da suka koma aiki da kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Dalilin wannan wasiƙa shi ne labarin da nake yawan ji daga wurinku, wai hukuma kaza ta daina aiki da fayil na takarda, ta koma kwamfuta. In na tambayi abin da ya canza, sai a ce an sayo na'urori, an buɗe shafin intanet. Amma mutum zai cike fom a shafin, sannan a ce ya bugo shi a takarda, ya bi layi a sa masa hannu a buga hatimi. Wahalar tana nan yadda take, an ma ƙara mata mataki guda. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don na ga yadda ake yin sa ya yi amfani.

Ina zaune a Talin, babban birnin Istoniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 1.5 ba, wadda ta fita daga Tarayyar Sobiyet a 1991 ba ta da wani arzikin a zo a gani. A shekarar 2000 aka fara cike takardar haraji ta intanet. A 2001 suka kafa X-Road, hanyar da rumbunan bayanan hukumomi ke magana da juna, kowace hukuma tana riƙe da nata. Katin shaida mai ɗauke da sa hannun lantarki ya biyo baya a 2002.

Ƙashin bayan abin kuwa doka ce. An hana hukuma ta buɗe sabon rumbu don tara bayanin da wata hukumar ta riga ta tara. Ke nan in gwamnati ta san ranar haihuwarka da inda kake zaune, ba za a sake aiken ka ka kawo shaida ba. Lokacin haraji, in na buɗe fom ɗina, sai in tarar da albashina da abin da aka cire duk a rubuce. Nawa in duba, in gyara in da kuskure, in tura. Likita ma in ya rubuta magani, katina kawai nake miƙawa a kantin magani.

Wanda ya fi shiga raina shi ne sawu. A rumbuna da dama, musamman na lafiya, duk wanda ya buɗe bayananka sai ya bar alama. Kana zaune a ɗakinka za ka ga rana da lokaci da inda aka leƙa daga. In ba ka gamsu ba kana da ikon tambaya, kuma akwai hukumar kare bayanai da za ka kai wa ƙara. Ku duba da kyau, a nan hukuma ce ta yarda ta rage wa kanta iko. Fayil ɗin da kowa ke ganin teburin da ya tsaya ba ya ɓata, kuma ba mai riƙe shi sai an gan shi. Shi ya sa nake ganin wannan ne sashe mafi wuya, don ɗan kwangila ba ya sayar da shi.

Su ma sun sha wuya. A 2007 aka yi makonni ana kai hari ta intanet kan bankuna da jaridu da shafukan gwamnati. A 2017 aka gano rauni a katin shaida fiye da 700,000. Gwamnati ta fito ta faɗa wa jama'a, ta dakatar da katunan da ba a sabunta ba, aka gyara.

Inda aka ƙi yin haka, an ga abin takaici. A Birtaniya, manhajar Horizon ta hukumar gidan waya ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi. Daga 1999 zuwa 2015 aka gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya fiye da 900, wasu har kurkuku, saboda an gaskata na'ura an ƙaryata mutum. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke mafi yawansu a lokaci guda.

Ina da roƙo ga waɗanda ke aiki a hukumomi cikinku, manya da ƙanana. Kafin a ba da kwangilar manhaja, a zauna da akawu da masinja da mai karɓar fom a kanta, a bi fayil ɗaya daga ranar da ya shigo har ranar da ya fita, a rubuta kowane teburin da ya tsaya. Duk sa hannun da aka rasa mai faɗin amfaninsa, a cire shi tun a takarda. Sannan a bar kanta ɗaya a buɗe, da ma'aikaci mai ikon gyara kuskuren na'ura, saboda tsoho da makaho da wanda ba shi da waya.

Ku gaida mutanen gida baki ɗaya. Wassalam.

Ɗan uwanku,
daga Talin, Istoniya