Kula da Karen da Ya Makance ko Ya Kurumce a Gidajenmu na Zariya

A gidaje da yawa, daga Samaru har Tudun Wada, ranar da aka lura kare ya fara karo da bango ko ya daina juyowa in an kira shi, ranar ake yanke masa hukunci cewa ya gama amfani. Wasu su sake shi ya bi gari, wasu su ɗaure shi a bayan gida su mance. Wannan gaggawa ce. Kare da hanci ya fi sanin duniyarsa, kuma abin da ke wahalar da shi ba rashin ganin ba ne, ciwon da ba a kula da shi ba ne, da gidan da kullum ake sauya wa fasali, da firgitar da shi da ake yi ba da niyya ba.

Kafin komai a tabbatar da matsalar. Don gwada ido, a tsaya gefensa a saki ɗan curin auduga ya faɗo ta gabansa. Auduga ba ta ƙara, ba ta da wari, saboda haka in ya bi ta da ido to gani ya yi. Sannan a jera bokiti da kujera a hanyarsa a kira shi, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan magariba, domin wasu da dundumi suke farawa. Don gwada kunne, a bari ya yi barci, a tsaya nesa ta bayansa a kaɗa makullai. Kada a buga ƙafa ko a tafa kusa da kansa, zai ji girgizar ƙasa ko iskar tafin, a ɗauka yana ji alhali ba ya ji.

Abu na biyu shi ne sanin dalili, kuma a nan aka fi yin asara, don wasu dalilan suna da magani in an hanzarta. Kaska, wadda ke yawaita da damina, tana sa wa kare cutar jini da kan kai ga kumburi da zubar jini a cikin ido. Sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, musamman ga karnukan farauta da ake shiga daji da su, yakan sa ido ya yi fari kamar hakiya. Ciwon suga yana kawo yanar ido cikin 'yan watanni. Alamarsa shan ruwa fiye da kima: kare mai kilo 20 yakan sha lita ɗaya da 'yan kai a yini, in ya zarce lita 2 kullum yana kuma ramewa, a kai shi a gwada jininsa. Akwai kuma allurar ibamektin ta shanu da wasu ke yi wa kare da ƙiyasi don kashe kaska. In ta yi yawa takan makantar da shi farat ɗaya, ko da yake sau da yawa ganin yana dawowa in ya samu kulawa. Idan gamsheƙa ta tofa masa dafi, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na minti 15 zuwa 20 tun kafin a nemi abin hawa.

Wanda ba ya jira ko kaɗan shi ne hawan jinin ido, wato ruwan cikin ido ya taru ya matse shi. Ido ya yi ja, ya kumbura, ya yi hazo, karen yana runtse shi yana ƙin abinci. Cikin kwana ɗaya ko biyu gani na iya tafiya, kuma zafinsa mai tsanani ne. Muna da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, babu dalilin zama ana gwaje-gwaje a gida. In likita ya ce a cire idon da ya riga ya mutu yana ta ciwo, kada a ga kamar zalunci ne. Karen yakan koma cin abinci da kaɗa wutsiya bayan ya warke. Kuma don Allah a daina sayo maganin ɗiga na mutane a kemis ana zuba masa. Masu ɗauke da sinadarin rage kumburi, in akwai gyambo a fuskar idon, ƙara zurfafa shi suke yi har idon ya fashe. Haka kunne: ba manja, ba baƙin mai, ba tsinken auduga. Maganin kunne mai jentamaisin ma, in dodon kunne ya huje, shi da kansa yana iya kurumtar da kare.

In ta tabbata ganin ba zai dawo ba, sai a koma kan gida. Makahon kare haddace tsakar gida yake yi, kwano nan, inuwa can, ƙofa ta wancan ɓangaren. Duk ranar da aka bar turmi ko babur a tsakiyar hanyarsa, an ɓata masa haddar. Kwanon ruwa da na abinci da shimfiɗarsa su zauna wuri ɗaya. Rijiya a rufe ta da murfi mai nauyi, a toshe ramin kwata, a kange murhu da wurin janareto, a kwashe ƙarafa da guntayen kwano masu kaifi da ke daidai tsayin fuskarsa. Ƙafarsa ma tana karanta ƙasa, don haka a shimfiɗa buhu a gaban kwanonsa, a zuba tsakuwa mai faɗin taku biyu kafin matakala ko bakin kwata, zai koyi cewa sauyin ƙasa gargaɗi ne. A makon farko a riƙa zagayawa da shi da igiya sau biyu ko uku a yini ta hanya ɗaya. Kada a riƙa ɗaukarsa ana ajiyewa a wani wuri, rikicewa yake yi. Gashin bakinsa kuma kada a aske, da shi yake jin bango kafin ya buga. Bayan ruwan sama mai ƙarfi za a ga ya ɗan ruɗe a waje domin ruwa ya wanke warin da yake bi, ba ciwon ne ya ƙaru ba.

Kalmomi kaɗan sun ishe shi: tsaya, hau, sauka, a hankali. Kowa a gidan ya yi amfani da irinsu, kuma a yi masa magana kafin a taɓa shi.

Kurman kare shi da ido ake magana da shi. A zaɓi alamar hannu guda ga kowane umarni, a koya masa minti 5 sau biyu ko uku a yini, ana ba shi ɗan yankan dafaffen nama duk lokacin da ya dace. Ban da tsire mai albasa, albasa tana lalata jinin kare. Da dare a kira shi da kunna tocila da kashewa, a ƙasa ake haskawa ba a idonsa ba. Babban haɗarinsa titi ne, ba ya jin hon na mota ko na mai acaɓa, saboda haka ba ya fita sai da igiya, kuma a rataya masa 'yar ƙararrawa a wuya don a san inda yake tunda kira ba ya isa gare shi.

Batun tashinsa daga barci ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan cizo ke faruwa. Kurma barcinsa nauyi gare shi, in yaro ya faɗo masa kwatsam zai kai cizo kafin ya gane waye. A unguwanninmu kuwa, kare ya ciji yaro, maganar da za ta biyo baya ita ce ya haukace, sai a taru a kashe shi. Hanyar ita ce a kawo hannu kusa da hancinsa ya shaƙi warin mutum, sannan a taɓa kafaɗarsa a hankali, wuri ɗaya kullum, yana buɗe ido a ba shi abin ci. A maimaita haka kullum har ya zama taɓawa albishir ce a gare shi. A gaya wa yara da baƙi da almajiran da ke shigowa aiki. Allurar rigakafin haukan kare kuma a yi ta tun yana wata 3, a sabunta duk shekara, a adana katin. In an yi cizo duk da haka, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 a tafi asibiti.

Wanda ya haɗa biyun, ba gani ba ji, da taɓawa ake tafiyar da shi: taɓa ƙirji na nufin tsaya, shafa ƙarƙashin haɓa na nufin taho. A keɓe masa wuri madaidaici mai inuwa, ba sarƙa ba, don sarƙa nannaɗe shi take yi. Motsinsa ya ragu, don haka a rage masa abinci in haƙarƙarinsa sun fara ɓacewa a cikin kitse, a kuma warwatsa masa ɗan abinci a ƙasa mai tsabta ya nema da hanci. Da hunturu a riƙa goge masa kwantsa da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi. In yana ci, yana barci, yana gane hanyar kwanonsa, yana murna da zuwan mai shi, lafiya lau yake. In kuwa ya fara zagaye wuri ɗaya, ko dafa kai a bango, ko farfaɗiya, matsalar ta wuce ido da kunne, a mai da shi wurin likita a ranar.