Na Bi Sawun Zahrawi Har Kurɗuba

Shekara goma sha ɗaya ina miƙa wa likitoci almakashi da zaren ɗinki a ɗakin tiyata kafin wani kwas ya kai ni Madrid, babban birnin Sifen. A can na gane cewa Kurɗuba, garin Abul Ƙasim Az-Zahrawi, shahararren likitan tiyata na zamanin Andalus wanda malaminmu a makarantar jinya ba ya gajiya da ambatonsa, tafiyar awa biyu ce kawai a jirgin ƙasa. Ranar Asabar da sassafe na yanki tikiti.

Kurɗuba ta tarbe ni da rana mai dukan ƙeya. Ban tsaya ko'ina ba, sai Madinatuz Zahra, kilomita 8 yamma da gari, tsohon birnin fada inda Zahrawi ya samo laƙabinsa. Halifa Abdurrahman na Uku ne ya gina ta, kuma a nan ake cewa an haifi Zahrawi wajajen 936. Daga gidan tarihin da ke gindin tudu wata ƙaramar bas ta hau da mu. Abin da ya rage kango ne: bakunan gini masu ratsin ja da fari, da guntayen marmara. Yaƙin basasa ya cinye birnin a 1010, Zahrawi ya rasu a 1013. Wato da ransa aka wawashe fadar da ya yi wa Halifa Hakam na Biyu aikin likita. Na jima a zaune kan wani dakali ina juya wannan a raina.

Bayan la'asar na dawo cikin gari, na haye tsohuwar gadar Rumawa zuwa hasumiyar Kalahora. A can sama aka jera kwatankwacin kayan aikinsa, waɗanda aka ƙera daga zanen littafinsa, At-Tasrif. Nan fa jikina ya yi sanyi. Ga ƙugiyoyin buɗe rauni, ga asake masu lanƙwasa, ga hantsaki. Wata ƙugiyar da za a ɗora mini ita a tire, ba zan tambayi amfaninta ba, hannuna ya riga ya san ta.

Littafin kashi 30 ne, na ƙarshen shi ne na tiyata, da zanen kayan aiki kusan 200. Ya raba shi uku: ƙona da wuta, sai yanka da tsaga da ƙaho, sai ɗori. Kakana wanzami ne, shi ya sa jerin bai zame mini baƙo ba ko kaɗan. Abin da Zahrawi ya nace a kai shi ne kada wanda bai san yadda jijiyoyi suke kwance ba ya ɗauki aska. Ya ba da labarin wani jahilin likita da ya tsaga wa wata mata kumburi a wuya, ya yanke jijiyar jini, ta zubar har ta cika a gabansa. Na taɓa tsayuwa a kan jinin da ya ƙi tsayawa, na san da wace zuciya ya rubuta wannan. Ya kuma yi ɗinki da zaren hanjin dabba, irin wanda jiki ke narkarwa da kansa, har ya bayyana ciwon nan na gado da jini ba ya daskarewa. A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya mayar da babin tiyatar zuwa Latin a Toledo, likitocin Turai suka yi ta karatunsa ɗaruruwan shekaru da sunan Albucasis.

Da wannan sunan na same shi da magariba, a kan allon sunan titi a jikin bangon wani siririn lungu kusa da tsohon babban masallacin Kurɗuba. Masu yawon buɗe ido na ta wucewa da jakunkuna, ba mai ɗaga kai. Na tsaya a ƙarƙashin allon, na roƙa masa gafara da rahama, sannan na nufi tasha don kada jirgin ƙarshe ya bar ni.