Inhela, nebulaiza da gorar roba: abin da hunturun Sakkwato ya koya min kan asmar yara

Duk ma'aikaciyar jinyar da ta yi aikin dare a ɗakin yara a Sakkwato ta san halin da ake shiga daga Disamba zuwa Fabrairu. Hazo ya rufe gari, ƙura ta cika ko'ina, a gidaje kuma an toshe tagogi an kunna turaren wuta ko maganin sauro, wasu ga garwashi a ɗaki don jin ɗumi. Lokacin ne ake ta kawo mana yaran da fuka ta tasar wa: numfashi na fito, haƙarƙari na lotsawa, yaro ya kasa haɗa magana.

Kusan kowace uwa roƙonta ɗaya ne: "Sista, don Allah ku sa mishi injin nan." Nebulaiza take nufi, mai ƙara da fitar da tururi. A ganinta shi ne babban magani, inhela kuwa, wato ɗan ƙaramin abin fesa maganin shaƙa da ake riƙewa a hannu, ta marar gata ce. Sai na zaunar da ita na ce, "Hajiya, maganin da ke cikin injin shi ne a cikin wannan shuɗiyar inhelar." Salbutamol ne duka, wanda aka fi sani da Ventolin. Yana sassauta tsokar da ta shaƙe hanyoyin iska cikin 'yan mintoci. Bambancin kawai hanyar da yake bi ya isa huhu.

Binciken da aka yi ta kwatantawa ya nuna cewa, idan tashin ciwon bai kai matuƙa ba, inhela haɗe da sifesa, wato bututun da ke tara feshin kafin yaro ya shaƙa, tana aiki daidai da nebulaiza. Bugun zuciya da rawar hannu ma sun fi sauƙi da ita. Ga shi ba ta jiran wuta ko janareto, abin da mu nan ba za mu raina ba. Injin kuma yana ɗaukar minti 10 zuwa 15 yana ruri a fuskar yaro, ya tsorata ya yi ta tsala kuka, alhali yaro mai kuka kaɗan ne daga maganin ke sauka ƙirjinsa.

Amma inhelar sai an iya ta, kuma nan ne aikinmu yake. A girgiza ta, a fesa sau ɗaya tak a cikin bututun, yaro ya ja numfashi sau 5 ko 6, sannan a sake. Fesa huɗu a lokaci guda asarar magani ne. A asibiti akan maimaita bayan kowane minti 20 a sa'ar farko, adadin feshin gwargwadon shekarun yaro da tsananin ciwon. Ƙaramin yaro a bar shi a cinyar uwarsa, a ɗora masa abin rufe hanci da baki ya zauna daram.

Sifesa tana da tsada ga iyaye da yawa, ba kuma kowane kemis ke ajiye ta ba. Abin da ya faranta min rai shi ne aikin Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a Afirka ta Kudu, wanda mujallar Lancet ta buga a 1999: gorar roba mai cin mililita 500, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen, tana aiki kamar ta kanti. A wanke ta da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta ba tare da gogewa ba, don kada maganin ya manne a jikinta. Na sha ganin uba ya karɓi gorar yana juya ta cikin shakka, sai ya ga numfashin ɗansa ya lafa a gabansa.

Ipratropium kuwa, wani maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, abokin tafiya ne, ba ya maye gurbin salbutamol. Idan tashin ya yi tsanani, haɗa su biyun a sa'ar farko yana rage yawan yaran da ake kwantarwa. Prednisolone na sha kuma a ba da shi da wuri, domin sai bayan wasu sa'o'i yake fara kashe kumburin ciki. Sirop ɗin salbutamol da iyaye ke saye yana jinkirin aiki, ya kuma fi sa zuciya bugawa, ba na son ganinsa a hannun uwa da dare.

Nebulaiza tana da ranarta. Yaron da ya kasa sha ko magana, leɓɓansa suka canja launi, ya fara gyangyaɗi, ko ƙirjinsa ya yi tsit ba ko fito, wannan oksijin yake buƙata nan take, a kuma tura tururin da oksijin ɗin. Irinsa ba a riƙe shi a ƙaramin asibiti, a wuce da shi babba kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ana ci gaba da fesa masa a hanya.

Kafin sallama ina tsayawa kan tsoron da ya fi yawa, wai in yaro ya fara inhela ba zai daina ba. Ba ta sa jaraba. Yaron da ke yawan neman shuɗiyar alama ce cewa yana buƙatar ta kullum mai hana tashin ciwon, irin su beclomethasone ko budesonide, tare da kurkure baki bayan shaƙa. Ba na barin uwa ta tafi sai ta riƙe gorar da hannunta ta gwada a gabana, in akwai gyara mu gyara tun a nan.